Giginyar Kaka da Azarar Ɗakinmu

Duk wanda zai yi wa baƙo kwatancen gidanmu, magana ɗaya yake yi: ka ɗaga kai, inda ka hango giginya, to nan ne. Ita kaɗai ce a unguwar. Ta fi benen bakin titi tsawo, ta girmi babana da shekara biyu, kuma har na gama sakandare ban taɓa ganin ɗanta ko guda ɗaya ba.

Kakana ne ya shuka ta, mahaifin Baba. Magini ne, ko in ce magini ne a da, don yanzu gwiwa ta raba shi da tsani. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa kuwa siminti ya cinye shi, in ya shafa kan jariri sai jaririn ya ɓata fuska. Har gobe in ya shiga gidan mutane, kafin ya gama amsa gaisuwa idonsa ya riga ya bi kusurwar bango ya gano inda aka karkace. Ni Akawu yake ce mini, saboda wani littafi mai baƙin bango da nake rubuta tarihin gidanmu a ciki: wa ya haifi wa, wace shekara aka gina wane ɗaki, wa ya riga wa rasuwa. In tsokana ta motsa masa kuma sai in koma Amarya.

"Amarya, yau ma tambaya ce, ko an dafa mini wani abu?"

"Tambaya ce, tsoho. Wa zai wahalar da kansa a kan mijin da ba haƙori?"

"To zauna. Matar da ba ta iya riƙe komai ba sai biro, ita Allah ya haɗa ni da ita."

A irin wannan zaman na tsinci labarin giginyar, yau kaɗan gobe kaɗan.

Yana da shekara ashirin da shida ya sami filin gidan nan, lokacin bayan gari ne, ba kowa sai ciyawa da kwaɗi. Ya je ƙauye ganin mahaifiyarsa, da zai dawo ta jefa masa ɗan giginya guda a jaka wai ya ci a hanya. Bai ci ba sai da ya iso, suka raba da matarsa, kakarmu marigayiya da muke ce wa Iya. Suka tsotse shi tas, ƙodago uku suka rage, wato ƙwallayen da ke ciki. Iya ta ce a zubar. Shi kuwa ya ɗauki cokalin gininsa ya binne su a tsakiyar filin.

"Wata nawa kafin su fito?" na tambaye shi.

"Wata bakwai ban ga ko tsinke ba. Kakarki har ta daina yi mini dariya, ta gaji. Abin da ba ta sani ba, giginya magini ce. Sai ta gama harsashi take tada bango. Ƙasa take fara nufa, ta yi zurfin da ya wuce hannuna har kafaɗa, sannan ta waiwayo sama. Shi ya sa ba a dasa ta. Inda ka binne ta, nan ne gidanta har abada. In ka tone ta don ka sauya mata wuri, ka kashe ta."

Biyu suka fito, ɗaya ya ruɓe. Ganyen farko siriri ne, wanda bai sani ba sai ya ce ciyawa ce ya tuge. Kaka ya kewaye su da fasassun bulo saboda awaki, yana ba su ruwa da gwangwani duk yamma in ya dawo daga aiki. Shekara takwas ba su yi gangar jiki ba, sai dai manyan ganyaye da ke fitowa daga ƙasa kai tsaye, har Iya ta mayar da su wurin shanya. Da ya zo gina kicin, ya ga bangon zai bi ta kan ɗaya, sai ya kautar da bangon kamu guda. Shi ya sa kicin ɗinmu yake da wata kusurwa da tukunya ba ta zama daidai. Ya ce a duk rayuwarsa wannan ne kaɗai bangon da ya karkatar da gangan, kuma kada in rubuta, amma ga shi na rubuta.

Sai da suka shekara ashirin da huɗu sannan ɗaya ta haihu. Ɗayan kuwa wasu dogayen abubuwa kawai yake fitarwa kamar yatsu, su bushe su zubo. Nan aka gane namiji ne. Macen ta yi shekara shida tana zuba 'ya'ya, kowanne ya kai kan jariri, ƙanshinsu har bakin titi. Daga nan ta tsaya cak. Namijin tun kafin a haife ni aka sare shi, a gurbinsa ne Baba ya kafa tankin ruwansa.

Ni dai da na buɗe ido, hidimar Kaka na tarar. Kullum da safe shi ke share gindinta da kansa, ba ya yarda wani ya taɓa tsintsiyar. Sau ɗaya a shekara ya kira Mai Hawa, wani siririn mutum da sana'arsa ke nan, hawan dogayen itatuwa da igiya a ƙugu, ya sauke busassun ganyaye. Kaka na ƙasa yana daka masa tsawa: "Busasshe kawai! Ɗanyen ganye bakinta ne, da shi take ci!" Bayan kowace damina kuma ya tsaya a ƙofar gida da igiyar awonsa mai dalma a ƙarshenta, ya miƙa hannu, ya kanne ido ɗaya, ya duba ko ta karkata. Ba ta taɓa karkata ba. Tumbin da ta yi can sama da tsakiya ne kawai ya ɗan tsorata shi shekarar da ya fara fitowa, sai ya tuna duk manyan giginyoyin ƙauyensu haka suke.

Maganin rashin haihuwar kuwa babu wanda bai gwada ba. Ya zuba taki, ya zuba toka, ya haƙa rami ya kewaye ta don ruwa ya zauna. Wani ya ce a buga mata ƙusa, ya buga uku, har yau suna nan, kuma har yau ba ya son a nuna su. Kowace shekara sai ta fitar da zangarniya, 'yan ƙananan 'ya'ya kamar lemun tsami su bayyana, kafin wata guda da rabi duk su zube. Ya share, ya kwashe, ya ce, "Baɗi in da rai."

Gwaggona, ƙanwar Baba, tana da nata bayanin. Duk zuwan da za ta yi sai ta ɗaga kai ta ce, "Tun da Innarku ta sa ƙafa a gidan nan giginya ta ɗaure ciki." Da wasa take faɗa, kowa ya yi dariya, Inna ma ta yi. Amma na lura dariyar Inna ba ta kai ido.

Abin da ya tada magana bara, ganye ne. Wanda bai san giginya ba zai ce ganye kawai? Mafici ne da ya fi tabarma faɗi, da hannu mai tsawon mutum, gefensa duk haƙora kamar zarto. Wata rana da hantsi ɗaya ya ɓalle tun kafin lokacin Mai Hawa, ya faɗo ya fasa murfin tankin Baba, ya karya bututun, taku biyu daga inda Inna ke wanke-wanke. Baba mai gyaran famfo ne, tankin nan kuwa ji yake da shi kamar ɗan fari. Ya dawo ya tarar da tsakar gida ta zama tafki.

Ba ya iya yi wa Kaka faɗa. Bututun ya tasa a gaba yana yi wa faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji.

"Ba 'ya'ya, ba inuwa. Mu ne da shara, mu ne da fasasshen kai, inuwar kuma tana can shagon Tela."

Nan kam gaskiya ya faɗa. Ba banza ake mata kirari da na nesa ka sha inuwarki ba. Daga azahar inuwar kanta tsallaka titi take yi ta sauka daidai ƙofar shagon maƙwabcinmu Tela, shi kuwa ya jawo kekensa waje yana ɗinki yana fito.

Da ya gama ɗaure bututun, Baba ya kira ni gefe. "Ke yake jin maganarki. Ki lallaɓa ki gaya masa. Yau tanki ne, gobe kan uwarki ne."

Ban kai ga buɗe baki ba Kaka ya ɗaga mini hannu. Yana zaune a kan bencinsa, ya ji komai.

"Ubanki ya yi gaskiya. Ni na sare ɗan'uwanta da hannuna don bai haihu ba. Magini ba ya da igiya biyu. Wadda na auna shi da ita, da ita zan auna ta. Ki ce masa in ta zubar da na bana, ya kira masu zarto."

Ya faɗa kamar ba komai. Amma ranar abincinsa haka aka ɗauke shi a rufe, kuma har la'asar yana jingine da gindinta.

Ni abin da na iya shi na yi. Na buɗe sabon shafi na rubuta Giginya a sama, yadda nake yi wa wanda ya rasu, don in za ta tafi kada ta tafi ba tarihi. Na fara bin mutane da tambaya. Inna na fara samu tana tsince shinkafa.

"Inna, yaushe rabon da ta haihu?"

"Ke ma kin shiga layin gwaggonki?"

"A'a, don littafi ne."

"Shekarar da aka kawo ni. Sau ɗaya na ci, ina amarya. Kakanki ya aiko mini da guda biyu a kwano. Daga nan shi ke nan."

Na rubuta. Na koma wajen Baba na tambaye shi wace shekara aka gina ɗakinmu. Ya ce shekarar aurensa mana, wata uku kafin a kawo Inna. Na ce azarar da ke riƙe da kwanon rufin fa, a ina aka saya? Ya ce ba saya aka yi ba, namijin giginyar nan ne Kaka ya sare ya tsaga. Na rubuta wannan ma a ƙarƙashin na Inna.

Sai na ga layi uku a jere, duk shekara ɗaya: an sare namiji, an kawo Inna, haihuwa ta tsaya. Shekara ashirin da biyu mutanen gidan nan suna haɗa na biyu da na uku. Ba wanda ya waiwayi na farko.

Abin da ya faɗo mini a rai malaminmu ne na aikin gona a aji huɗu. Akwai gwanda a bayan ajinmu, wata rana mai gadi ya zo da adda zai sare mazan don ba sa haihuwa, malam ya fito da gudu da alli a hannu yana cewa a bar ɗaya. Ranar ya yi mana bayanin garin fure, yadda iska da ƙudan zuma ke ɗaukarsa daga namiji su kai wa mace, in babu shi ɗan da ta ɗauka ba ya zama. Na ci wannan tambayar a jarrabawa. Ban taɓa tunanin ta biyo ni gida ba.

Na shiga ɗaki na kwanta rigingine a tabarma da rana tsaka, ina kallon azarar nan baƙaƙe guda tara da aka haife ni a ƙarƙashinsu. Na daɗe ina juya yadda zan gaya wa tsoho cewa shi ne.

Washegari na same shi yana shara.

"Kaka, me ya sa namijin ka sare, ba macen ba?"

"Ji wata tambaya. Namiji na azara ne, mace ta ci ce. Namiji ya fi tauri, gara ba ta iya masa. Haka ubana ya yi, haka kakana. Kowane magini ya san wannan."

"A ƙauyenku in an sare namiji, mata suna daina haihuwa?"

"Ina! Sai dai a gaji da tsinta."

"To in an sare ɗaya, maza nawa ke ragewa?"

"Wa ya ƙirga? Fadama ce guda, ka yi tafiyar yini kana cikin..."

Bai ƙarasa ba. Tsintsiyar ta tsaya.

"A unguwar nan fa, Kaka, da ka sare naka, nawa suka rage?"

Na yi masa bayanin gwandar makarantarmu, ina yi ina tsoron ya ce yarinya ta zo koya wa kakanta. Bai ce ba. Ya jingine tsintsiyar, ya ɗauki sandarsa, ya nufi ɗakin Inna, ɗakin da bai taɓa shiga ba tun ranar da ya gama shafe shi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama, Inna ta fito da sauri tana gyara mayafi, ta raɓe. Ya shiga ya ɗaga sanda ya ƙwanƙwasa azara ɗaya, ta yi ƙara kamar ƙarfe.

"Shekara ashirin da biyu, ko gara ɗaya," ya ce. "Mijin kirki ne. Na raba shi da iyalinsa, bai fasa riƙe mini rufi ba."

Da zai fita, bai dubi Inna ba, ƙasa ya duba.

"'Yar nan, ashe ba ƙafarki ba ce. Gatarina ne."

Inna ta rufe fuska da gefen mayafi ta shige kicin. Ranar da waƙa ta yi girki.

Ni na ɗauka maganar ta ƙare ke nan, an san dalili, sai a jira masu zarto. Ashe shi yanzu ya fara. Da yamma ya kira ni.

"Akawu, wannan garin furen naki, dole sai ƙuda ne zai kai? In mutum ya kai da hannu, za ta ƙi karɓa?"

Na ce malam bai faɗa ba, amma ban ga abin da zai hana ba.

"To ai sai mu nemo mata miji."

Inda za a samu namijin giginya a gari mai cike da bulo da kwano, nan sana'arsa ta yi rana. Ya rufe ido yana lissafa gine-ginen da ya hau. Ya ce lokacin da suke zuba dakalin hawa na uku na wata makaranta, yana hango kan giginya ta gabas, bayan gada. Shekarun da yawa, watakila an sare. Muka shiga motar haya ni da shi, muka sauka bayan gadar, muka yi ta bin lungu muna ɗaga kai kamar masu neman wata. Ranar farko ba mu samu komai ba sai ciwon wuya. Rana ta biyu wata mai sayar da gawayi ta ce mu duba inda ake sayar da katako.

Giginyar tana nan kuwa, a tsakiyar filin katako, zarto na kuka ta kowane gefe. Abin da ya cece ta allon shagon ne da aka kafe a jikinta, da wayar fitila da aka ɗaura. Kaka bai ko ɗaga kai ba. Ƙasa ya duba, ya sa sanda ya tono wani busasshen abu dogo mai ɓawo-ɓawo daga cikin garin katako. Ya ɗaga shi yana murmushi da dasashi.

"Namiji ne."

Mai katako ya taso yana goge hannu. "Sannu da zuwa, Baba. Na rufi ake so ko na ƙofa?"

"Fure nake so."

"Na'am?"

"Furen wannan. Ina da mace a gida, shekara ashirin da biyu ba miji."

Mai katako ya dube ni, ya dubi Kaka, ya sake dubana.

"Ba ni ba," na ce da sauri. "Bishiya yake nufi."

Mutumin ya yi dariya har ya dafa tarin katako. Da ya nutsu ya ce shi tun da yake ba a taɓa zuwa neman auren allon shagonsa ba, mu ɗiba iya son ranmu, amma in an haihu a kawo masa nasa.

Saura sanin rana. Nan ma sharar shekara da shekaru ta yi amfani. Kaka ya ce in ta buɗe fure akwai wani ƙanshi da ke saukowa da sassafe, kuma ƙudan zuma kan yi kwana uku zuwa huɗu suna kewaya kanta. Muka yi sati biyar muna jira. Wata safiya na fito na gan shi tsaye da tsintsiya, hanci a sama.

"Maza kira Mai Hawa."

Mai Hawa ya hau namijin ya yanko zangarniya uku ɗanyu, masu kauri kamar damtsen yaro, 'yan furanni rawaya na leƙowa daga cikin ɓawon. Kaka ya naɗe su a tsohon zanen Iya, ya rungume a mota bai yarda an sa a baya wurin kaya ba. Da muka iso, Mai Hawa ya ɗaura ƙunshin a baya, ya zagaya igiyarsa a jikin tamu.

"Magini, shekara talatin ina hawa, yau ne na fara rakiyar ango."

"Ka dai yi a hankali. Ka kaɗa shi a kan kowace zangarniya, sannan ka ɗaure shi a tsakiya ka bar wa ƙudaje sauran aikin."

"In amarya ta ce ba ta so fa?"

"Ka ce mata masu zarto na bakin ƙofa."

Tela ya bar kekensa ya tsallako, mata suka leƙo ta katanga. Baba yana gefe yana kwance wani famfo da ba abin da ya same shi. Bayan sati aka sake yi, don Kaka ya ce bango ma shafe biyu ake masa.

Daga nan sai jira. 'Yan ƙananan 'ya'yan suka fito kamar kullum, kuma kamar kullum suka fara zubowa. Yau biyar, gobe tara. Kaka ya share ya kwashe, ni kuma na daina tambaya. Daga gindinta ba a ganin komai sai ƙasan ganye. Cikin sati na shida masu zarto suka zo su biyu, suka kewaya ta, suna nuna yadda za su sauke ta gunduwa-gunduwa don kada ta faɗa kan rufi. Kaka da kansa ya nuna musu inda ya fi dacewa a ɗaura igiya. Suka ce sai ranar Asabar ta sama.

Ranar Laraba da la'asar muka ji Tela yana ƙwala kira daga tsallaken titi.

"Magini! Magini! Fito da Akawunka!"

Muka fita. Yana tsaye a ƙofar shago, tabarau a goshi, tef a wuya, yana nuna sama da almakashi. Daga nan inda yake, rana ta bugi kan giginyar ta gefe, ana ganin abin da mu na ƙarƙashi ba ma gani. Kaka ya kanne ido, ya buɗe, ya ce shi hayaƙi kawai yake gani.

"Akawu, me ke nan?"

Na ƙirga sau biyu kafin in amsa. Manya ne, sun fi dunƙulen hannu, kore shar, sun kama zangarniya gam.

"Bakwai, Kaka."

"Ki sake dubawa. Kada ki yi wa tsoho ƙarya don tausayi."

"Bakwai ne," in ji Tela. "Kwana uku ina ganinsu, na ce bari su ƙara girma kada in yi abin kunya. Kai ka yi shuka, ni na sha inuwa, ai ko tukuicin gani na ba ka."

Kaka ya zauna a kan bencin Tela, ya ɗora haɓa a kan sanda, ya daɗe yana kallon abin da ba ya gani.

Ranar Asabar masu zarto ba su zo ba. Ba wanda ya ce ya hana su, ba wanda ya tambaya. Amma Baba bai ce an fasa ba, kuma duk mun san 'ya'ya bakwai ba su hana ganye faɗowa.

Watanni suka wuce, suka yi girma, suka juya ruwan lemo. Na farko ya faɗo wata rana bayan azahar, Baba na cikin ɗaki yana cin abinci. Ƙarar kamar an jefa bulo a kan kwano. Ya fito da cokali a hannu, ya dubi rufin, ga loɓawa nan kamar kwanon sha daidai saman gadonsa. Ya jawo tsani ya hau, ya sauko da abin a hannu biyu. Ƙanshi ya cika tsakar gida, wani irin ƙanshi mai nauyi da ban taɓa ji ba.

Baba ya kai shi hanci. Ya daɗe yana shaƙar ƙanshin da rabonsa da shi shekara ashirin da biyu. Sannan ya je ya durƙusa ya ajiye a gaban Kaka.

"Tankin zan mayar bayan kicin," ya ce, yana kallon ƙasa. "Wanke-wanke ma a koma can. Mai Hawa kuma ya riƙa zuwa sau biyu a shekara, ba sau ɗaya ba."

"Rufin fa?"

"Azarar ta riƙe."

Kaka ya sa aka fasa shi, ya ce a fara miƙa wa Inna. Sannan aka ba ni. In faɗi gaskiya tunda don tarihi nake rubutu: zaƙi ne da ɗan ɗaci-ɗaci a ƙarshe, ga zare da ke cika haƙori.

"Kaka, wannan ne abin da aka yi shekara ashirin da biyu ana jira?"

"Ku ji mini mara kunya. Kawo nan in ba ki so."

Ban bayar ba.

An kai wa mai katako nasa, yanzu in ya hango mu sai ya ce ga surukai. Zuwa wurinsa kowace shekara ya zama aikina, don Kaka ya ce gwiwarsa ba ta da tabbas, ni kuma na riga na san ƙanshin ranar. Ƙodago ukun ɗan farin nan kuwa, Kaka ya sa Baba ya kai mu wani ɗan fili da yake da shi a bayan gari, inda ba kowa sai ciyawa. Ya auna da taku, nesa da inda za a yi ɗaki, ya durƙusa da ƙyar, ya haƙa da tsohon cokalin gininsa.

"Wanne ne namijin?" na tambaye shi.

"Ki dawo bayan shekara ashirin da huɗu ki tambaye su. Buɗe littafin."

Na buɗe.

"Rubuta: uku aka binne. Ko wanne ya fito, ko ya haihu ko bai haihu ba, kada a sare. Mai son azara ya je wajen surukinmu ya sayi katako."

Na rubuta, na karanta masa. Ya gyaɗa kai, ya miƙo mini hannu in tashe shi.

"Yauwa, Amarya. Ashe biron nan naki yana da amfani. Saura ki koyi girki."